Mijina yana ƙwarewa duk sanda ya sha ruwa, surukata ta ce a kira wanzami

Assalamu alaikum Anti. Ina rubuto miki ne daga wani ƙauye a ƙasar Ringim, da wayar ƙanena. Don Allah a sakaya sunana. Mijina manomi ne, shekarunsa za su kai 45. Mu biyu ne a wajensa, ni ce uwargida, yaran gidan tara. Bara da rani aka gwada kakinsa a asibiti aka ce tarin fuka ne, aka ɗora shi a kan magani. Ya sha wata uku, tari ya tsaya, jiki ya dawo. Da damina ta faɗi sai ya ce ya warke, ya daina zuwa karɓa. Bayan girbi ya fara cewa tuwo yana tsaya masa a ƙirji, ya koma kunu da fura. Yanzu ko ruwa ya kurɓa sai tari ya turnuƙe shi har idonsa ya yi ja, wani lokaci ina ganin tsakin kunu a cikin kakin da ya tofar. Ga zazzaɓi da yamma, ga zufa da dare, ya rame har wando ba ya zama a ƙugunsa. Mun je wani asibitin kuɗi, likitan ya ce yana zargin ciwon daji a maƙoshi, mu wuce Kano. Ba mu gaya masa labarin tarin bara ba, saboda maigida ya hana a faɗa. An sa ranar 'yarmu ta fari bayan Babbar Sallah, ya ce idan gari ya ji kalmar tarin fuka za a fasa auren. Surukata ta ce sammu ne saboda rigimar gona da ke tsakaninsa da 'yan ubansa. Kullum ana kawo rubutu yana sha yana ƙwarewa, yanzu kuma ta ce a kira wanzami ya cire masa beli. Mahaifina ya aiko in kwashi 'ya'yana in dawo gida kafin mu kamu. Amarya tana goyon ɗan wata biyar. Abin da na mallaka tumaki uku ne da ɗan kuɗin adashi. Na rasa maganar wa zan bi.

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya ba maigida lafiya, Ya sa kaffara ce, ke kuma Ya saka miki da alheri a kan wannan ɗawainiya. Miji, suruka, uba da likita, kowa yana jan ki ɓangarensa, kuma babu wanda yake nufin ku da sharri a cikinsu. Zan zo kan kowanne. Amma akwai abin da ba ya jira. Mutumin da tari ke turnuƙewa duk sanda ya haɗiyi ruwa, har a ga tsakin kunu a kakinsa, ya wuce jinyar gida. Asibiti yake buƙata a cikin kwanakin nan, ba bayan biki ba.

Bari in gaya miki dalili, don ki samu abin da za ki kafa hujja da shi a gida. A ƙirjin ɗan Adam bututu biyu ne suke sauka daga maƙogwaro, manne da juna. Na gaba shi ne hanyar iska, wadda take rabuwa biyu ta shiga huhun dama da na hagu. Na bayansa shi ne hanyar abinci, tsawonta kamar santimita 25 a jikin babba, ta bi ta bayan zuciya ta sauka tumbi. A daidai inda hanyar iska ta rabu biyu akwai kaluluwa da yawa, irin wadda take fitowa mutum a matsematsi idan ya ji ciwo a ƙafa, sai dai waɗannan a ɓoye suke can tsakiyar ƙirji. Ƙwayar cutar tarin fuka tana son zama a cikinsu. Idan ba a gama kashe ta ba sai kaluluwar ta kumbura ta danne hanyar abinci daga waje, mutum ya riƙa jin loma tana tsaya masa. Idan abin ya daɗe sai ta ruɓe, ta ci bangon hanyar abincin ta yi masa gyambo. Wani lokaci ta ci ɓangare biyu, kamar yadda gara take cin katangar da ta raba gida biyu har a wayi gari ana hango tsakar gidan maƙwabci. Da zarar kafa ta buɗe tsakanin hanyar abinci da ta iska, duk ruwan da aka kurɓa sai wani ya zurara cikin huhu, huhun kuma ya yi ta tari don ya fitar da shi. Ruwa ya fi tuwo saurin bin ƙaramar kafa, shi ya sa abin sha ya fi ƙware irin waɗannan marasa lafiya. Abin da ya zurara ya zauna a huhu kuwa shi ne yake kawo zazzaɓi mai zafi da ciwon huhu a kan wanda ake fama da shi.

Tarin fuka kansa ya cika ƙasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023 kimanin mutum miliyan 10.8 ne suka kamu da shi a duniya, kuma babu ƙasar da ta fi Nijeriya yawan masu shi a Afirka. Sai dai ƙalilan ne ƙwarai yake taɓa musu hanyar abinci. Akwai ma'aikacin lafiyar da zai yi ritaya bai ga ko mutum ɗaya ba. Don haka kada ki ga laifin likitan nan. Namiji ya haura 40, abinci yana tsaya masa, yana ramewa, dole daji ya fara zuwa ran kowane likita, kuma dole a bincika. Amma rabin labari kuka ba shi. Da ya ji cewa bara an ga tarin fuka an kuma yanke magani a wata na uku, da lissafinsa ya canza. Ba ina ce miki lalle fuka ce ba. Daji na iya kawo duk waɗannan alamu. Tarin fuka a maƙogwaro ma yana sa ƙwarewa da dishewar murya, sannan akwai farin ƙuraje da suke fesowa a hanyar abinci ga wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni. Gwaji ne kaɗai yake rabawa. Abin da ya sa na dage a faɗi labarin bara shi ne, idan fuka ce, cuta ce da ake warkewa sarai, kuma maganinta kyauta ne.

Ku fara da inda ya karɓi magani bara. Ki nemo katin nan da ake yi masa alama a kai, ko da ya yage ko mai ya ɓata shi. Idan ya ɓata, sunansa yana cikin rajistarsu. Ki gaya wa ma'aikacin tarin fuka abu uku ba tare da kwana-kwana ba: ya yanke magani a wata na uku, abinci yana tsaya masa, ruwa yana ƙware shi. Za su karɓi kakinsa su sa a na'urar GeneXpert. Na'urar ba ta wuce kamar awa biyu tana aiki, ko da yake idan sai an kai kakin wani gari sakamako kan ɗauki kwanaki. Tana nuna ko ƙwayar cutar tana nan, tana kuma nuna ko ta daina jin rifampicin, wanda yake ɗaya daga cikin manyan magungunan. Ga wanda ya taɓa yanke magani wannan amsa ta biyu tana da muhimmanci sosai, domin da ita za a san irin maganin da za a ɗora shi a kai. Za a yi masa hoton ƙirji, a gwada jininsa don ƙanjamau da ciwon suga. Ki shirya zuciyarsa tun a gida: kowane mai tarin fuka ake yi wa gwajin ƙanjamau, malami ne ko ɗan kasuwa, ba zargi ba ne. Daga nan ku nemi takardar turawa babban asibiti. Akwai Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, akwai Rashid Shekoni a Dutse, akwai na tarayya a Birnin Kudu. Likitan da zai rubuta takardar shi ya san inda kayan aikin suke a yanzu, ku bi inda ya ce. Ko da gwajin kaki ya fito babu komai, kada ku koma gida ku kwanta. Cutar tana iya zama a kaluluwa ba ta fito a kaki ba.

A babban asibiti abin da ya fi ba mutanenmu tsoro shi ne kyamarar da ake zurawa ta baki, don haka gara ki san yadda ake yi. Za a ce ya zo bai ci komai ba tun dare. A kwantar da shi a gefen hagu, a fesa masa maganin kashe zafi a maƙogwaro, wani lokaci a ƙara da allurar da za ta sa shi gyangyaɗi. Sai a zura siririyar roba mai fitila a baki, likita yana kallon cikin hanyar abinci a allo. Mintuna kaɗan ne. Idan ya ga gyambo ko kumburi sai ya tsinko ɗan mitsitsin nama a kai ɗakin gwaji. A ido gyambon fuka da na daji suna kama da juna, sai a ƙarƙashin madubin gwaji suke rabuwa, shi ya sa yake da kyau mai zura kyamarar ya san labarin bara tun kafin ya fara, don a raba naman biyu, a duba daji a kuma duba fuka. Yakan faru naman farko bai nuna komai ba saboda ciwon yana can ƙarƙashin fata, a ce a sake. Ba cin kuɗinku ake so a yi ba. Za a iya buƙatar babban hoton ƙirji da ake shigar da mutum cikin na'ura, wanda yake nuna kaluluwar da kafar in akwai, ko a ba shi wani ruwa ya haɗiya ana ɗaukar hoto don a ga inda yake bi. Kafin a ba shi komai ya haɗiya, ki buɗe baki ki ce yana ƙwarewa. Kada ki ɗauka an rubuta a takarda.

Idan ta tabbata fuka ce mai jin magani, maganin dai shi ne wanda ya sani: haɗin huɗu na wata biyu, wato rifampicin, isoniazid, pyrazinamide da ethambutol, sannan haɗin biyun farko na wata huɗu. Likita na iya tsawaita shi gwargwadon yadda ya ga jikin. Da nauyin mutum ake ƙayyade yawan ƙwayoyin, don haka za a riƙa ɗora shi a sikeli. Sau da yawa cikin 'yan makonni kumburin yake sauka, haɗiya ta fara sauƙi. Ita kanta kafar, a marasa lafiya da yawa maganin kaɗai yake rufe ta, muddin an huta wa wurin da abinci. Nan ne maganar robar hanci take shigowa. Na san abin da ake cewa a ƙauye da birni, wai idan aka sa wa mutum roba a hanci to an gama. A irin wannan ciwo ba haka ba ne. Robar tana kai kunu, madara da narkakken magani kai tsaye cikin tumbi, ta tsallake wurin da ya huje, huhu ya huta, mutum ya samu abinci ya yi ƙarfi. Idan likita ya kawo maganarta ku amince, ki kuma riga surukarki sanin amfaninta don kada a cire ta da dare. Idan kafar ta ƙi rufewa bayan an daɗe ana magani, akwai ɗan bututun raga da ake sakawa ta ciki ya toshe ta, akwai maƙalewa da ƙananan ƙarafa ta kyamara, akwai tiyata. Idan wurin ya warke ya tsuke, ana buɗa shi a hankali. Idan kuwa gwaji ya nuna cutar ta daina jin rifampicin, wani haɗin daban za a ba shi. Tun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da haɗin wata shida na sha zalla ga mafi yawan irin waɗannan, ba sai an yi ta allurai kamar da ba. Shi ma kyauta ne.

Fitsari zai yi ja-ja saboda rifampicin, wannan ba komai. Amma idan idonsa ya yi ɗorawa kamar mai shawara, ko amai ya ƙi tsayawa, ko gani ya fara dishi-dishi, a koma asibiti a ranar. Idan tafin ƙafa ya fara zugi ko mutuwa, a faɗa, akwai bitamin B6 da ake bayarwa.

Kafin ku kai asibiti, kada a ba shi komai yana kwance, kada kuma a ɗura masa. Ya zauna a miƙe, a ba shi kaɗan-kaɗan da cokali, abu mai ɗan kauri ya fi tsinkakken ruwa, ya kuma daɗe a zaune bayan ya gama. Idan komai aka ba shi sai ya ƙware, a dakata, a nemi mota a ranar, a can za a ƙara masa ruwa ta jijiya. Haka nan idan ya kasa haɗiyar yawunsa, ko numfashi ya yi sama-sama, ko ya yini bai yi fitsari ba. Jini kuwa, ko cikin cokali ya amayar, ko bayan gida ya fito baƙi ƙirin, kada ku jira gari ya waye. Babbar jijiyar jini da take fitowa daga zuciya tana maƙwabtaka da hanyar abinci, kuma ɗan jinin farko yakan zama gargaɗin babba.

Yanzu surukarki. Uwa ce tana kallon ɗanta yana ƙarewa a gabanta, ta kama abin da ta sani. Kada ki shiga gardamar ko sammu ne ko ba sammu ba. Ba za ki ci nasara ba, kuma ba bakinki ya kamata maganar ta fito ba, kada a ce matar ɗa ce take hana a nemi taimako. Rigimar gona ma ki bar ta inda take. Abu biyu kawai kike so a canza. Na farko wanzami. Beli yana can sama a bakin maƙogwaro, abin da yake damun maigida yana ƙasa a tsakiyar ƙirji inda aska ba ta kaiwa. Mutumin da ya rame haka ba shi da jinin da zai zubar, kuma wanda ruwa yake ƙwarewa jinin yankan ma huhu zai bi. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Na biyu rubutun sha. Ba addu'ar ce matsala ba, ruwan ne, domin duk kurɓi ɗaya wani yana sauka huhu. Malamin da yake rubutawa idan aka yi masa bayani zai gane. A koma tofi, a shafa masa a jiki, a yi sauka, a yi sadaka. Ki nemi wanda take jin maganarsa, yayan maigida ko kawunsa ko limamin gari, ki tsuguna ki yi masa bayani kamar yadda na yi miki, shi ya kai mata. Liman ya fi ni sanin hadisin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai Ya saukar da maganinta. Ki kuma bar mata aiki a hannu: ita ce mai addu'a, ita ce mai dama kunun da za a tace, ita za a fara kira daga Kano a gaya wa abin da likita ya ce.

Shi maigida kuwa, kalmar da ba zai so ji ba ita ce "da ka ƙarasa maganinka". Ya riga ya gaya wa kansa ita. Abin da ya yi shi ne abin da manoma da yawa suke yi: jiki ya yi daɗi, ruwa ya sauka, asibiti da nisa, gona ba ta jira. Ki same shi ku biyu, lokacin da jikin ya ɗan lafa, ki raba masa magana gida biyu. Gari daban, likita daban. Babu wanda ya ce a yi shela a kasuwa, kuma ma'aikatan lafiya ba su da izinin yaɗa sirrinsa. Amma ɓoye wa likita zai iya sa a bi hanyar daji da shi, a kashe kuɗi da lokaci a banza. Ki kuma tuna masa a hankali cewa gari ya riga ya ga ramarsa, kuma abin da mutane suke ƙiyastawa a ransu idan ba a gaya musu ba ya fi tarin fuka muni. Idan ya fara maganin da ya dace yanzu, cikin 'yan makonni haɗarin ya sa wa wani yake raguwa ƙwarai. Idan ya jira, a ranar ɗaurin auren ne zai zauna cikin jama'a yana tari.

In ya kafe ya ce babu inda za shi, ki ɗauki katin ki je wurin ma'aikacin tarin fuka ke kaɗai ko da ƙanenki. Bibiyar wanda ya yanke magani yana cikin aikinsu, suna iya zuwa gida ko su ba ki robar kaki ki kawo. Akwai kuma layin 3340 na shirin yaƙi da tarin fuka na ƙasa, kiransa kyauta ne. Wannan ba saɓa wa miji ba ne, ceton ransa ne. Amininsa ko maigari ma kan iya tayar da namijin da matarsa ta kasa.

Maganar auren 'yarku, a gwada ta tare da sauran mutanen gida. Idan lafiyarta ƙalau, babu abin da ya wajaba a sanar wa dangin ango game da ita, kuma tarin fuka ba gadonsa ake yi ba. Idan an same ta da shi, a fara mata magani, a gaya wa angon gaskiya, ko da za a ɗan ɗaga rana. Idan ranar ta zo maigida yana gadon asibiti, ɗan'uwansa ya yi walicci a madadinsa, ba yau aka fara ba. Abin da ba zan goyi baya ba shi ne a riƙe kuɗin kayan ɗaki a bar uban amarya babu gwaji.

Tsoron mahaifinki gaskiya ne, kada ki raina shi. Sai dai kun yi watanni kuna shaƙar iska ɗaya da mara lafiya. Tafiya yanzu ba za ta goge wannan ba, idan ma wani yaro ya riga ya kamu, gidan kakansa zai kai ta. Ki je da ƙafarki ki gaishe shi, ki ce masa: Baba, za a gwada mu gaba ɗaya, za a ba yara maganin kariya, idan an tabbatar ƙananan lafiya lau zan kawo maka su su zauna har jikin ya yi sauƙi. Ya samu abin da yake so ke nan, aurenki kuma bai girgiza ba. A gida, ta iska cutar take yaɗuwa, ba ta kwano ko moɗa ba, don haka babu dalilin ware masa kwano kamar abin ƙyama. Ya kwana ɗaki shi kaɗai taga a buɗe, ya yini a rumfa ko gindin bishiya, ya rufe baki da ƙyalle idan zai yi tari, kakin a tara a gwangwani mai murfi a juye a masai.

A duk gidan nan, bayan maigida, jaririn amarya na fi ji. A ƙananan yara tarin fuka kan haura ƙwaƙwalwa ko ya bazu a jiki da sauri. Allurar BCG da ake yi bayan haihuwa tana rage irin wannan, amma ba ta hana kamuwa gaba ɗaya. Saboda haka ba daidai ba ne a ɓoye wa amarya. Ki kira ta ɗakinki ki gaya mata, a kai yaron a duba shi cikin na farko, da duk wanda bai kai shekara 5 ba. Ta ci gaba da ba shi nono. Idan an ba ɗayanku maganin kariya kuma tana amfani da ƙwayar tazarar haihuwa ko irin wanda ake sawa a ƙarƙashin fatar hannu, ta faɗa wa ma'aikacin, domin wasu magungunan fuka suna rage musu ƙarfi. Ku raba aiki: ke ki bi shi asibiti tunda ita tana goyo, ita ta riƙe gida da yara tara. Wannan ba ƙaramin nauyi ba ne, ki nuna mata kin san haka.

Saura kuɗi. Gwajin kaki da maganin fuka kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, amma kyamara, babban hoto, gado, mota da abincin mai jinya duk aljihu ne. Tumakin nan naki ne, jinyar magidanci kuma a kan dukiyarsa da 'yan'uwansa take fara hawa. Ki bar yayansa ya tara maza a ga abin da ke rumbu da abin da kowa zai kawo, har 'yan uban da ake rigima da su a sanar da su, ciwo yakan sassauta abin da sulhu ya kasa. Idan kin ga dama ki taimaka, ki sayar da ɗaya a ranar kasuwar Gujungu ta hannun wanda kika yarda da shi, kada ki kwashe ukun ki ba ɗan kamasho a ƙofar gida don gaggawa. Jinyar nan ta watanni ce, za a buƙaci madara, ƙwai, wake da kuɗin mota har ƙarshe. A babban asibiti ki tambayi ofishin da yake taimaka wa marasa ƙarfi tun ranar farko, kafin bashi ya taru.

Idan gwaji ya nuna daji ne, to shi ma gara a sani da wuri, akwai abin da ake yi don ya samu ya ci abinci ya kuma rage wahala, kuma tarin bara dai sai an ƙarasa maganinsa.

Ranar da aka sallame ku, ki roƙi a mayar da karɓar maganinsa asibitin da ya fi kusa da ƙauyenku, a kuma rubuta sunanki a matsayin mai sa ido. Ki riƙa ba shi da hannunki da asuba kafin ya ci komai, ki ga ya haɗiye, ki yi alama a kati. Ranar da ya cinye malmala biyu ba tare da tari ba, zai ce miki ya warke. Ki ce masa likita ne zai faɗa. Ki sake rubuto min idan sakamakon kakin ya fito, ki gaya min abin da aka ce game da jaririn. Allah Ya ba shi lafiya.